Yadda Asta Ta Ɗaure Tsakiyar Kakata

Duk wanda ya bi ta layinmu a New Bell zai ga wata doguwar mace zaune kan benci a bakin shagon gyaran fanka, da faranti a cinyarta cike da guntayen waya da ƙananan duwatsu. Ita ce Asta, matar ɗana Nuru. Tun da fari zan faɗa don kada wani ya riga ni: ban so a auro ta ba.

Mu 'yan nan ne. Kakana ya sauko daga arewa da fatu da kanwa yana neman goro, ya ga ruwa ya ga kifi, bai koma ba. A Douala aka haifi uwata, a nan aka haife ni. Ita kuwa Asta daga Garwa aka kawo ta, Bafillatana, ba ta san kowa ba, ba ta gaisuwa mai tsawo, kuma in ka faɗa mata magana ɗaya sai ta mayar maka da ita da zafinta. Na ce wa Nuru, duk 'yan matan kartiye, unguwar nan tamu, ba su ishe ka ba sai ka hau jirgin ƙasa ka ɗauko mana sanda? Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Aikinsa naɗin waya ne. In injin fanka ko na famfo ya ƙone, sai ya farke shi, ya fidda tsohuwar waya, ya naɗa sabuwa ta jan ƙarfe. A garin nan fanka ba kayan gayu ba ce, wanda tasa ta mutu ba ya barci, saboda haka shagon ba ya rabuwa da mutane. Asta ce ke share shi. Sai na lura ba ta zubar da guntayen da ke faɗuwa ƙasa, tana tara su a gwangwanin madara. A garinsu ɗinkin faifai take yi tun tana yarinya. Nan kuwa kaba ba ta samuwa, wadda ta zo da ita ma danshi ya sa ta yi baƙi. Yatsun da suka saba murɗa abu ba sa zama haka nan. Ta fara naɗe tsakuwa da fasasshiyar kwalba mai launi, tana rataya wa 'ya'yan maƙwabta a wuya. Na ce mata:

"Matar aure da wasan bola?"

Ta ce, "Inna, bolar ɗanki ce ai."

Na bar ta. Shekaru suka wuce a haka, ta haihu, ta yaye, tana nan da gwangwaninta.

A gidanmu akwai wata tsakiya, wato jan dutsen ado irin na mutanen da, dogo kamar gaɓar yatsa, da huda a tsakiyarsa inda ake zura zare. Kakata ce ta zo da ita daga arewa a wuyanta. Ba mu da gona a nan, ba mu da tsohon gida da za mu nuna mu ce daga can muka fito. Wannan dutsen muke da shi. Duk 'yar gidanmu da za a kai ɗakin miji da shi take fita, yana taɓa fatar wuyanta, bayan biki kuma a maido. Uwata ta sa, na sa, ƙanwata Sa'ida ta sa, 'yata Rahmatu ta sa.

Da bikin Kausar ya matso, jikata ke nan, 'yar Rahmatu, yarinyar da ke aikin ofis a unguwar Bonapriso za a kuma kai ta Bonabéri a hayin kogi, na buɗe akwati na ɗauko tsakiyar. Zaren ya riga ya ruɓe ban sani ba. Ina ɗagawa ya tsinke, dutsen ya faɗi kan siminti, ya rabe biyu a tsaye, daidai kan hudar.

Na ɗauka Kausar ba za ta damu ba, yarinyar da ko tari za ta yi da Faransanci take yi. Sai ga ta durƙushe tana tsince ɓarin biyu tana kuka.

"Kaka, ni ce zan fara fita babu ita?"

Na ce, "Tashi ki share hanci, ba mutuwa aka yi ba."

Rahmatu ta kai wa maƙerin zinariya. Ya ce sai dai ya goge ɓarin biyu ya yi 'yan kunne da su. Wani ya ce a liƙa da gam irin na takalmi. Na ce dutsen kakata ba silifa ba ne. Muna cikin wannan a tsakar gida, Asta ta ajiye tsintsiya ta ce:

"Inna, ki ba ni."

Sa'ida ta kwashe da dariya. "Yaya, ki ba ta mana, ta haɗa da murfin kwalba."

Asta ba ta ko kalle ta ba. Ta ce ba za ta huda ba, ba za ta liƙa ba, ɗaurewa za ta yi yadda ake ɗaure karaya. In ban so ba sai ta kwance, dutse na nan yadda yake. Na miƙa mata, na kuma jawo kujera na zauna a gabanta, don ban yarda ya bar idona ba.

Ta shiga shago ta yanko sabuwar waya daga naɗin Nuru, mai kauri da siririya kamar gashi. Mai kaurin ta ja ta cikin tsumma har ta miƙe sarai. Ta yanka ta 'yan sanduna, ta jera su gefe da gefe, ta kama tsakiyarsu da siririyar, tana naɗawa a matse, kowane zagaye na jingine da ɗan'uwansa kamar bakin faifai. Ta haɗa ɓarin biyu, ta zaunar da gindin dutsen kan wannan naɗin, ta tanƙwaro sandunan suka hau gefensa suka haɗu a sama. Nan ta sake ɗaurewa. Sannan ta sa bakin filaya ta jawo waya ɗaya ta gaba, ta karkato ta kan fuskar dutsen, ta yi haka ta baya, har ya zama ko ka girgiza ba ya motsi. Sauran da ya yi tsawo a sama ta lanƙwasa shi jikin ƙusa ya zama ƙawanya ta zura sarƙa. Bakin wayoyin ta yanke, ta goge da magagari, ta tura su ciki, ta shafa a kumatunta ta ji ko akwai mai kartar fata. Tsagar nan tana ƙarƙashin waya, sai wanda ya sani zai gan ta.

Na juya shi, na sake juyawa. Na ce, "Ba laifi." Kausar ta rungume ta tana "Tanti Asta, merci, merci," har ta kusa kayar da ita.

To, a wurinmu in za a yi jere, duk wani abu na ƙarfe da amarya za ta tafi da shi sai an dirje shi da toka da lemon tsami har ya ɗauki ido. Tukwane, tire, buta, cokula. Sa'ida ce shugabar wannan aiki a kowane biki, kuma ba a taɓa kushe hannunta ba. Ta ga wayar Asta ja ce mai duhu, ba ta walƙiya, ta ga ai abin kunya ne a kai wa dangin ango haka. Ba ta tambayi kowa ba ta ɗauka ta haɗa da cokula. Ya fito yana ƙyalli kamar zinariya, kowa na yabawa, ni ma na yaba, na ɗauka Asta ce ta ƙara masa gyara.

Ranar kamu Kausar ta sa shi da farin leshi. Rumfa cike da mata, wuta ta ɗauke, zufa kamar an watsa mana ruwa. Kafin la'asar wata ƙawarta ta ce, "Ke, me ya samu wuyanki?" Aka ja mayafi. Wuyan yarinya ya yi kore shar tun daga maƙogwaro har ƙirji, leshin ma ya kama.

Wuri ya ruɗe. Wata ta ce sammu ne. Wata ta ce a kira malam. Sa'ida ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Dutsen ne ya ƙi. Tun kakanninmu hannun bare bai taɓa shi ba."

Asta na can baya tana zuba wa baƙi kunu. Ta ajiye ludayi, ta ratso mata, ta cire abin daga wuyan Kausar, ta kai hanci.

"Wa ya wanke shi?"

Ta sake shinshina shi, ta ce:

"Lemo nake ji. Wayar fanka da rigarta take zuwa, wani mai ne a jikinta da ke hana iska cin ta. An dirje rigar an bar ta tsirara. Jan ƙarfe tsirara a garin nan, da zufa, me kuke so ya yi? Inna Sa'ida, cokali ne?"

Sa'ida ta ce, "Ji mini yarinya! Ni da na yi jeren uwar mijinki..."

Na ce, "Jeren wa? Kina goye aka yi nawa. Zauna."

Ta zauna. Ban ƙara mata ba a gaban mutane, don da kyakkyawar niyya ta yi, kuma na san abin da zan faɗa mata in mun shiga ɗaki.

Washegari za a kai amarya. Nuru ya ce a shafa masa man da yake shafa wa inji. Asta ta ce koren ya riga ya shiga ƙarƙashin naɗin, kuma man zai ɓata fuskar dutsen, warinsa ma ba zai bar amarya ta zauna kusa da mutane ba. Sai dai a kwance a sake da sabuwar waya. Ta dube ni ta ce:

"Amma Inna, ki sani. Ɓari ɗaya na da wata tsaga siririya, na gan ta tun farko. Waya ta matse shi yanzu. In na saki, yana iya zama uku, yana iya zama gari."

Rahmatu ta ce a bar shi haka, a sa mata kan riga, wa zai sani? Kausar tana ta goge wuya da sabulu, idonta a kaina. Ni na san uwata ba kan riga ta sa ba.

Na ce, "Kwance."

Da gari ya waye, da hantsi, ta shimfiɗa zane fari a tsakar gida ta zauna. Mata suka kewaye ta, masu tuya suka bar mai a wuta. Ta ce duk mai son magana ta fita waje, ta kuwa kalli Sa'ida ta faɗe shi. Ta dinga yanke tsohuwar wayar guntu guntu, ba ta ja, babban yatsanta danne da dutsen. Da ta zo ta ƙarshe muka ji ɗan ƙaras. Wani ɗan yanki kamar ƙwayar shinkafa ya ɓalle daga kafaɗar dutsen ya faɗi kan zanen.

Rahmatu ta yi salati. Asta ba ta ɗaga kai ba. Ta jira, ta sassauta yatsa a hankali. Sauran bai motsa ba.

Ta sake aikin tun daga farko, sabuwar waya da rigarta. Siririyar ta yanke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Da ta zo wurin da ya ɓalle, maimakon ta yanke sauran waya ɗaya, sai ta murɗa ta ta yi ɗan zagaye kamar gidan katantanwa, ta kwantar da shi kan ramin. Wannan yankin ya tafi, ba zai dawo ba. Amma wallahi abin ya fi na farko kyau. Ta miƙa wa Kausar, ta ce:

"Ba toka, ba lemo. Tsumma busasshe kawai. Duk wadda ta zo miki da soso, ko wace ce, ki ce na hana."

Bayan azahar muka ɗauki amarya saboda cunkoson gada. Ruwa ya tsuge mana a kan gadar kogin Wouri, motar ba ta da sanyi, gilasai a rufe, muka dahu a ciki kamar ƙosai. Asta ba ta biyo mu ba, ta ce kanta na sarawa. Da muka isa Bonabéri aka zaunar da Kausar, kafin a fara addu'a na sa hannu na ɗaga mayafinta. Na ɗaga dutsen, na duba ƙarƙashinsa. Fata fes, sai zufa.

Kakar ango, wata tsohuwa mai haƙorin Makka, ta matso ta kama shi tana jujjuyawa.

"Hajiya, wannan daga Dubai?"

Na ce, "Dutsen na kakata ne. Ɗaurin kuwa surukata ce ta yi, Asta, matar Nuru. A New Bell take, ba ta da reshe a Dubai."

Na faɗa da ƙarfi, don Sa'ida na bayana.

A gidanmu uwar miji ba ta ɗaukar kwano ta kai wa suruka. Da muka dawo da magariba na zuba shinkafar biki da naman da na ɓoye a ƙasan kula, na ɗauka da kaina na tura ƙofarta. Tana kwance, yatsa naɗe da tsumma. Ta yunƙura za ta tashi.

"Inna, wuyan?"

"Fes."

Ta koma ta kwanta, ta rufe ido.

Na ce, "Tashi ki ci tun da zafi. Ba ke kika dafa ba, yana ciyuwa."