Ranar da Inna ta shanya mini ɓeraye

Ban taɓa son ɓera ba, kuma har gobe ba zan so shi ba. Wutsiyar nan tasa marar gashi kaɗai ta isa ta tayar mini da zuciya. Amma a shekarata ta ƙarshe a jami'a sai ga ni da keji biyu na fararen ɓeraye masu jajayen idanu saboda aikin bincikena, ina kwashe musu kashi da hannuna. Da malamai suka tafi yajin aiki aka rufe makaranta, babu mai ba su abinci, dole na ɗauko su a mota har ƙauyenmu da ke bayan Bagega. Fasinjoji sun zage ni tas, kuma ban ga laifinsu ba, don ni kaina zarnin fitsarin sai da ya sa ni amai a Anka.

Saboda ɗiyar yayana na jure. Shekarar da gubar dalma ta kwashe yara a yankinmu ita ta tsira, amma ba ta dawo daidai ba. Motsi kaɗan ta zabura, ta shige bayan gadon Inna ta lafe. Likitoci sun zo, an kankare ƙasar gidaje, an ce kada a sake daka dutsen zinariya inda yara suke. Yaya ya ce shi bai yarda ba, iska ce ta taɓa yarinya. Ya ci gaba da dakansa a tsakar gida, wai a daji ɓarayi sun yi yawa.

Na gaji da gardama, na ce zan nuna masa da idonsa. Keji ɗaya ina ba su abinci mai tsabta, ɗayan ina barbaɗa musu ƙurar gindin turminsa. Ina da akwati da aka raba biyu, gefe duhu, gefe buɗe. A ɗaki mai ɗan haske, idan na saka ɓeran da bai ci ƙura ba, yakan leƙo, ya fito yana shinshine-shinshine. Masu cin ƙurar kuwa sun fara maƙalewa a duhun, ba sa fitowa. Malaminmu ya sha ja mana kunne cewa haske mai ƙarfi firgita su yake, mai lafiya ma sai ya koma kamar marar lafiya. Shi ya sa na toshe tagar ɗakina da tsohon zane.

Da ƙyar Yaya ya yarda zai duba ranar Juma'a in ya dawo masallaci. Da safen na kai yarinyar asibiti karɓar magani.

To, Inna ba ta san wani maganin wari ba sai rana. Tabarma, katifar da yaro ya jiƙa, ƙwaryar nono, duk shanya. Ina shigowa gida na hangi kejina biyu a kan kwanon rumfa, rana tsaka, ba ko inuwar tsinke.

Na ce, “Inna! Me na yi miki?”

Ta ce, “Ke, ɗakin ga ya ruɓe. Kusun naki su sha rana, ko mu samu mu shaƙi iska.”

Na sauko da su. Sun cure a kusurwa ɗaya, wani kan wani, suna makyarkyata, kashi da fitsari sun dame musu gashi har farin ya koma ruwan ɗorawa. Wani ya ciji wutsiyar ɗan'uwansa, jini ya bushe a kai. Tir! Wallahi ji na yi kamar in watsar da su bayan katanga.

Ban gama goge su ba Yaya ya yi sallama. Na roƙe shi ya bari sai jibi, ya ce shi ba ɗan aikena ba ne. Na saka mai cin ƙura a akwatin, ya shige duhu. Na saka mai lafiya, wanda jiya-jiya yake zagaye akwatin nan, shi ma ya shige duhu ya lafe. Na canza wani, haka. Muka yi ta tsayuwa, ko gashin baki babu wanda ya leƙo.

Yaya ya tuntsire da dariya. Ya ce, “To, malama, wanne yac ci ƙasa, wanne bai ci ba? Kusu dai matsoraci na, tun da Allah ya yi shi.”

Bayan kwana kaɗan sun warware, amma ya ce ya riga ya gani, ba zai sake ɓata lokacinsa ba. Ban yi fushi da Inna ba, ita tsabta ta yi. Dariyar nan ce har yau take ba ni ƙyama, fiye da kashin ɓeran.

Washegarin wannan Juma'ar ƙarar turmi ce ta tashe ni. Na ɗaga zanen taga. Yarinyar na zaune a gindin bango kusa da ubanta, ƙura ta yi mata fari a gwiwa, tana cin ɗumame da hannun da ta gama wasa da ƙasa.