Muryar da ke ƙarƙashin shuuu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Ya Bukar, mai kula da na'urar watsa shirye-shirye a wata ƙaramar tashar FM nan Maiduguri. Bai taɓa sauraron rediyo kamar mutane ba. Muna jin waƙa, shi yana jin abin da ke bayanta. Ana tsakiyar cin abinci a gidanmu na Gwange sai ya ɗaga hannu wai muryar mai labarai ta fashe, an cika mata ƙarfi. Haushi yake ba ni, wallahi.

Wata rana muna hanyar Khaddamari a motarsa, tashar ta fara shaƙewa, shuuu ya taso. Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni.

"Bari, Falmata. A FM, in murya biyu suka haɗu a layi ɗaya, mai ƙarfi ke danne mai rauni ɗungurungum. Amma wadda aka danne ba ta tafi ko'ina ba. Tana ƙasa tana jira."

Na ce masa ya cika surutu.

Bayan rasuwarsa motar ta dawo hannuna. Ranar da na fara bin hanyar ni kaɗai, da rana tsaka, tashar ta shaƙe daidai wurin nan. A cikin shuuu ɗin na ji gyaran murya, irin wanda yake yi kafin ya gwada makirufo. Na san abin da za ku ce, wata tasha ce daga nesa. Ni ma haka na gaya wa kaina, amma ban fasa zuwa ba. Nan kaɗai ya rage mini da nake jin sa.

Bana tashar ta sa sabuwar na'ura mai ƙarfi. Yanzu murya tar take fita har Khaddamari da gaba. Da yana raye da ya yi murna, don rayuwarsa duka yaƙi da ƙarar nan ya yi. Ni kuwa kuka na yi a gefen titi, domin sun danne mini shi.

Makon jiya ina wucewa wurin, tashar ta ɗauke ana tsakiyar labarai. Shuuu ya cika motar. Na daɗe ina saurare, babu komai. Na haƙura, na kai hannu zan kashe.

"Bari, Falmata."

Ban san me ke saura daga mutum bayan ƙasa ta rufe shi ba, Allah ne masani. Allah Ya jiƙanka, Ya Bukar. Ban kashe ba.