Harshen Baba da Hanyoyin Ruwa

Ranar Lahadi da hantsi, ina ɗakin majinyata a Haɗejiya ina sauya wa wata tsohuwa bandeji, aka ce ana sallama da ni. Kawu Sale ne, ƙanin mahaifina, ƙafafunsa duk laka. Ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Yaya ya cika ɗazu da safe." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya da almakashi a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Baba, Malam Idi mai fito, ya yi shekara arba'in yana tsallakar da mutane a kwalekwale tsakanin ƙauyenmu na bayan Kirikasamma da gonakin fadama. Da in'ina ya tashi, mai tsanani, har jijiyar wuyansa kan miƙe kafin kalma ɗaya ta fito. Amma duk hanyoyin ruwan nan suna cikin kansa. Ko ambaliya ta shafe komai, ya san inda tudu yake da inda gurbi yake. Yakan ce, "Fasinja bakina suke jira, ruwa kuwa hannuna yake jira." Idan muka yi fushi don wani ya kwaikwaye shi a kasuwa, sai ya ce, "Ku ƙyale shi, gobe ma ni zan tsallakar da shi."

Da ciyawar kachalla ta toshe rafuka, ruwa ya koma cin gonakin shinkafa, sai ma'aikatan gwamnati suka zo taron jin ta bakin manoma. Baba ya fi kowa sanin bakin rafin da ya kamata a buɗe. Ya miƙe, ya maƙale tun a gaisuwa, aka ce ya zauna wani ya faɗa. Washegari ya same ni a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "U-uwata, ku da kuke da m-maganin komai, ba ku da nawa?"

Ni na kai shi Kano. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce akwai wata ƙwaya, asalinta ta masu taɓin hankali ce, tana rage gudun wasu saƙonni a ƙwaƙwalwa, wasu masu in'ina kan samu sauƙi da ita, amma tana kawo kasala da rawar jiki. Na ji gargaɗin sarai, aikina ne. Na dubi fuskar Baba, na sa hannu na karɓa.

Cikin mako uku harshe ya saki. A taro na biyu ya yi bayani tiryan-tiryan, ma'aikata suka rubuta, suka tafi, ba mu sake ganinsu ba. Shi kuwa ya ƙi rabuwa da ƙwayar. Gida-gida yake bi yana gaisuwa mai tsawo, har Inna na tsokanarsa wai ashe da can hutu ta samu. Mun yi dariya a lokacin, kuma ina kewar dariyar nan.

Daga baya fuskarsa ta daskare, hannu ya soma karkarwa a kan gorar tuƙi, gyangyaɗi ko'ina. Wata rana ya ɗauko mata daga yankan shinkafa, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ya tambaye su ina ne gida. Sai bayan la'asar masunta suka jawo su. Na durƙusa na roƙe shi ya bar maganin. Ya ce, "Uwata, shekara sittin maganata tana cikina. Yanzu da ta fito za ki mayar da ita?"

Da ƙyar ya yarda likita ya janye masa ita a hankali. In'ina ta dawo yadda take, rawar leɓe ta zauna, hanyoyin ruwa kuwa ba su dawo ba. Na tambayi likitan ko maganin ne ya ci su ko tsufa. Ya ce gaskiya bai sani ba, abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa ba a gama gane shi ba. Shekara shida Baba ya yi a zaure yana kallon kwalekwalensa a kife, ni kuma ina raba wa wasu magani suna warkewa.

Zuwana na ƙarshe na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya buɗe baki, wuyansa ya ɗaure, ya yi ta kokawa da kalmar har gumi ya keto masa. Ba ta fito ba. Ya ɗora hannunsa mai rawa a kaina, muka zauna a haka har aka kira azahar.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka haskaka kabarinsa, Ka tabbatar da harshensa wajen amsa tambaya. Ka ba Inna da Kawu Sale da ƙannena haƙurin rashinsa. Ni kuma da na miƙa masa ƙwayar farko da hannuna, Ka sa kalmar da ta maƙale masa ranar nan ta yafiya ce. Amin.