Wasiƙa ta Biyu

Shekara talatin da ɗaya yayana ya yi yana aiki a ɗakin gyara na babban asibiti, can ta baya, tsakanin wurin wanki da ɗakin janareta. Ɗaki ne mai taga ɗaya, kullum cikin warin girisi. Gadon majiyyaci in ya karye, wurinsa ake turo shi. Keken tura marasa lafiya in tayarsa ta fara kuka, wurinsa. Tukunyar dafa kayan tiyata in ta ƙi ɗaukar zafi, shi ake kira. Bai yi karatu mai zurfi ba, makarantar koyon sana'a ya yi, ya fito gwanin feƙe ƙarfe. Ni ne na yi karatu a gidanmu har na zama malamin makaranta, shi ya sa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsiya.

A ɗakin tiyatar zuciya akwai wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya idan likita ya tsayar da ita zai yi ɗinki. Jinin mutum yana bi ta cikin wani bututun roba, wasu 'yan tayoyin ƙarfe biyu suna juyawa suna matsa robar, suna tura jinin gaba. In sun matsa da yawa sai su ɓata jinin, in sun yi sako-sako jinin ya koma baya. Na'urar asibitinsu tsohuwa ce, notin da ake saita matsin da shi ya cinye, da ido da addu'a ake ɗaure shi.

Likitan zuciyar, wani siriri mai sanƙo da kowa ke kira Dogo, shi ya sauko ɗakin gyara da kansa da notin a hannu. Yaya ya juya abin a tafinsa, ya ce a ba shi lokaci. Mako uku yana kan injin feƙe ƙarfe. Ba sabon noti ya yi ba, wani murfi ya yi na tagulla mai haƙora a kewaye, da ɗan sifirin, wato nannaɗaɗɗiyar waya mai dannuwa ta dawo, a ciki. Duk juyi ɗaya sai ya ce ƙas. Sai mutum ya ƙirga, ya san inda ya tsaya jiya, ya koma daidai wurin yau.

Dogo ya gwada da ruwa, ya sake gwadawa, ya dafa kafaɗar Yaya.

"Kai, wannan ai ƙirƙira ce. Ka kai ofishin rajistar ƙirƙira a ba ka takardar mallaka, kada wani ya gani ya ce nasa ne."

Yaya ya yi zanen a kan teburin cin abinci, matarsa tana korar yara kada su zuba masa shayi a kai. Ni na cika takardun. Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, takarda mai kauri, da hatimi, da wata doguwar lamba, da sunansa da manyan baƙaƙe. Ya kira ni na zo a gaggauce. A tsaye na karanta a bakin ƙofa, yara sun kewaye ni, matarsa tana goge hannu da zane. Yaren ofis ne mai ɗaure kai. Na ga "an karɓa", na ga "an shigar a ƙarƙashin lamba", ban tsaya na kai ƙarshen shafin ba.

Na ce, "Yaya, an yi!"

Da bakina na faɗa. Wannan kuskuren nawa ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Aka sa wa takardar gilashi aka rataye a falo. Abokan aikinsa suka yi masa liyafar shayi da biskit a ɗakin gyara. Direban motar asibiti ne ya fara kiransa Mai Ƙirƙira, sunan ya bi shi har unguwa. Mai shago in ya hango shi sai ya ɗaga murya, "Mai Ƙirƙira, yaushe za ka ƙera mana firjin da ba ya shan wuta?" Yaya ya yi dariya yana sunkuyar da kai.

Bayan shekara ɗaya da wata biyu wasiƙa ta biyu ta zo. Wannan karon bai kira ni gida ba, makaranta ya same ni lokacin hutun tara. Muka zauna a aji babu kowa, a kan bencin yara, gwiwoyinmu sun kusa kai mana ƙirji. Tun kafin na fara karatu na san ya riga ya gane, domin an haɗo da zane. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya yi rajistar irin wannan murfi shekara talatin da shida kafin nasa. Haƙoran nan, sifirin nan, har inda aka huda. Wasiƙar ta ce abin ba sabo ba ne, saboda haka an ƙi. Ta farkon kuwa shaida ce kawai cewa takardunsa sun isa.

Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya sa yatsa a kan sifirin.

"Ka ga, shi ma nan ya sa shi. Wallahi Malam ban taɓa ganin wannan ba."

"Na sani, Yaya."

"Wa zai yarda?"

Ya ninke takardun ya sa a aljihun rigar aiki. Ya ce kada in faɗa wa kowa, shi zai faɗa da kansa, a ba shi mako ɗaya kawai. Na amince da sauri, saurin da nake jin kunyarsa har yau, domin in maganar ta fito za a tambayi wanda ya karanta wasiƙar farko.

A cikin makon ne makarantar 'yarsa ta gayyace shi ya yi wa ɗalibai magana. Ita ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa yake kiranta Mamana, mu ma muka bi shi. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin, kuma ita ta je ta faɗa wa malamarsu cewa babanta ya ƙera abin da ke ceton masu ciwon zuciya. Ya ce ba zai je ba, ta yi kuka, ya je. Daga nan mako ya zama wata, wata ya zama shekara.

Ban taɓa jin ya ce "ina da takardar mallaka" da bakinsa ba. Shiru kawai yake yi in an faɗa. Amma ya canza. Ya daina zama a falo, sai a baranda. In baƙo ya tsaya gaban gilashin yana karantawa, sai ya tuna yana da abin yi a waje. A wurin aiki kuma ya zama mai gyara zalla. Shugabar masu jinya ta taɓa roƙonsa ya ƙera mata abin da zai riƙe robar ƙarin ruwa kada ta lanƙwashe, ya ce mata, "Ku saya a kasuwa, tabbas wani ya riga ya yi." Ta ɗauka girman kai ne ya shige shi.

Mamana kuwa ta riƙe abin da gaske. Ta shiga jami'a ta karanci injiniyancin na'urorin asibiti. A shekararta ta ƙarshe ta yi niyyar sa aikin babanta cikin rubutun kammala karatunta, ba ta faɗa masa ba, tana so ya gani a littafi. Ta kwafi lambar da ke jikin gilashin, ta nema a rumbun ofishin rajistar ta kwamfuta, a gaban malamin da ke duba aikinta.

Ran Asabar da hantsi ta zo gidana. Ba ta zauna ba. Ta miƙo mini takarda ɗaya da ta bugo.

"Baffa, karanta mini wannan. Kai ne mai karanta mana takardu."

Na kalli takardar, na kalli ƙasa.

"Ashe ka sani."

"Na sani, Mamana."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu kamar ƙaramar yarinya, shekara goma sha biyu. Ta ce malaminta tabarau kawai ya cire yana gogewa, kuma gara a ce ya yi mata dariya.

Tare muka tafi gidansu. Yaya yana baranda yana gyaran famfon risho. Ta ajiye takardar a kan gwiwarsa. Bai ɗauka ba, lambar kaɗai ya gani. Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, ya ci gaba da gogewa. Ban taɓa ganin wuyan mutum ya yi gumi haka da sanyin safiya ba.

"Baba, me ya sa?"

"Mako ɗaya na so in yi, Mamana."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Matarsa ta fito daga kicin, ta ga fuskokinmu, ta tambayi wa ya rasu. Mamana ce ta yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ba ta kalli mijinta ba, ni ta kalla.

"Shekara goma sha biyu ina goge gilashin nan duk Juma'a, kai kana shigowa kana cin abincina kana kallona?"

Ta koma kicin ta rufe ƙofa.

Yaya da kansa ya sauke gilashin a ranar. Bayan kwana uku ya ce in raka shi wurin Dogo, wanda ya riga ya bar aiki yana zaune a gida da ciwon gwiwa. Yaya ya ƙi hawa kujera, ya tsaya a tsaye da hula a hannu ya faɗi komai, ya nuna masa tsohon zanen. Dogo ya kalla, ya shafa sanƙonsa.

"Zauna, don Allah. Ni ma ina da nawa. Wata shida bayan na tura ka, na je taro a waje, na ga irinsa a jikin wata na'ura. Na dawo da niyyar faɗa maka, sai na tarar an riga an yi shayi, kowa na kiranka Mai Ƙirƙira. Na ce ofishin za su faɗa maka. Da na ga ba ka ce komai ba, sai na ce wataƙila sun ba ka ɗin."

Muka zauna mu uku, manya da furfura, babu mai iya kallon wani. Daga baya Dogo ya ce murfin ya yi shekara tara yana aiki kafin a sauya na'urar, kuma mutanen da aka yi wa tiyata da shi sun haura ɗari huɗu, babu wanda ya tambayi takarda. Yaya ya ce ya gode. A hanya ya ce da ni, "Ba murfin ne ya yi ƙarya ba, Malam."

Saura wata biyar Yaya ya ajiye aiki a lokacin. Ya je ofishin shugaban asibiti ya roƙi a cire maganar ƙirƙira daga jawabin sallama. Sakatariya ta ce ta rubuta. Ranar taron, shugaban, wanda sabon zuwa ne, ya ɗauki tsohuwar takarda ya karanta yadda take: ma'aikaci mai takardar mallakar ƙirƙira a fannin tiyatar zuciya. Aka yi tafi. Na ga Yaya ya dafa kujera ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gyara. Na nema, ba a ba ni ba. Wani ya riga ni." Ya zauna. Wani a baya ya ɗauka barkwanci ne ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya haɗiye. Shugaban ya yi tari ya wuce zuwa suna na gaba.

Mamana ta sauya batun rubutunta, ta gama, yanzu tana kula da na'urorin wani asibiti a wani gari. Wata uku ba ta kira babanta ba. Da ta fara kira, tambayar aiki ta yi masa, wane irin girisi ya dace da wani bawul na buɗe da rufe bututu, ya yi mata bayani ya fi minti ashirin. Haka suke har yanzu, hirarsu ta ƙarfe da roba ce, ɗayar maganar ba su sake taɓa ta ba.

Ni kuma tsakanina da matar Yaya ba a koma daidai ba. Da can ba na shiga gidan ba ta tsokane ni ba, ta ce ga mijinta na biyu ya zo, wanda ba ya kawo cefane sai ciki. Yanzu gaisuwa ce cikakkiya, da tambayar iyali, da ruwa a kofi mai kyau irin na baƙi. Makon jiya takardar asibiti ta zo mata game da awon idonta. Ina zaune a wurin, tabarauna a aljihu. Ta yafa mayafi ta ɗauki takardar ta tafi gidan maƙwabta a karanta mata.