Hancin Bindigar Maiwada

Duk wanda ya taɓa noma a yammacin Dayi ya san Maiwada maharbi. Gajere ne, busasshe, ga shi da bindiga mai dogon hanci wadda in ya rataya ta sai ka rasa wa ke ɗauke da wani. A wurin mahaifinsa ya gaje ta yana saurayi. Gona kuwa bai gada ba sai wani ɗan fegi da ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinsa ba. Bai iya ciniki ba, fira ma bai iya ba. Harbi kawai Allah ya ba shi, ya kuwa ba shi da yawa.

Da daji ya ƙare, namun dawa suka yi nisa, maharba da dama suka koma acaɓa ko dako a kasuwa. Maiwada ya samu mafita a gonar Alhaji Mahadi, makekiyar gonar masara a gindin wani dutse, wadda ke iyaka da tawa. Dutsen nan cike yake da jan biri. Da masara ta yi goyo sai su sauko gayya guda, kafin ka ce kwabo sun karya abin da zai ciyar da gida wata guda. Shekara goma sha tara Maiwada na gadin gonar. Abin da Alhaji ke auna masa da kaka shi suke ci, shi da matarsa Hansai, har wata kakar. Ba su da wata ƙofa.

Birai sun san iyakar inda bindigar take kaiwa, kamar da igiya aka auna musu. In ya zauna a gindin ɗorawa ya jingine ta, ba wanda ke tsallako kwazazzabon da ke tsakanin dutse da gona. A shekara bai fi ya yi harbi biyar ba. Ni ma na ci albarkacinsa, don tsoronsa ya rufe har tawa gonar, kuma ban taɓa ba shi ko kwano guda ba. Na faɗa ne don kada a ɗauka ni na kirki ne a labarin nan.

Sai zamani ya juya, ɓarayin daji suka fara ɗaukar mutane a gonaki. Aka kafa 'yan sa-kai, cikinsu har da Isah, ɗan farin Maiwada, magidanci mai 'ya'ya uku. A lokacin ne aka shiga yayin gutsure bindigogi. Doguwa ba ta hawa babur, in ji su, kuma daga nesa ake hango ta, gajera kuwa sai ka tura ta cikin riga. Rabe maƙeri, wanda a da sai ya wuni bai ga mai gyaran fartanya ba, ya zama sai an yi layi a maƙerarsa. Duk wata tsohuwar bindiga da ke rataye a ɗakin kakanni an sauko da ita an kai masa ya rage mata tsawo.

Isah ya nemi ta ubansa sau biyu aka hana shi. Da Maiwada ya tafi Maska ta'aziyyar ƙanwarsa ya kwana uku, ya dawo ya tarar da ita a rataye inda ya bar ta, amma ta koma kamar muciya. Hansai ta ce ya daɗe a tsaye yana kallon bindigar kafin ya sa a kira Isah. Bai taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ranar ma bai kama ba.

"Kai, wa ya sa ka?"

"Baba, mutane ake sacewa, kai kana ta birai. Gyara maka ita na yi."

Maiwada ya ce kada ya kuskura ya sake taɓa ta. Isah ya kaɗe rigarsa ya fita, bayan kwana biyu ƙungiya ta ba shi wata, ya manta da zancen. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ashe ma ba dole ba ce.

Masara ta yi goyo, birai suka sauko. Maiwada ya auna babbansu daga inda ya saba, ya saki. Ƙara ta cika dutse, ƙwayoyin harsashi suka watse a kan ganye, ko gashin biri bai faɗi ba. Kwana huɗu ya ishe su su gane. Suka tsallako kwazazzabo, suka zauna inda yake ganin ƙwayar idonsu, suna ɓare masara suna kallonsa. In ya matso su ja baya taku goma su ci gaba da ci. Na gan shi da idona yana jifansu da hoge, dattijo da furfurarsa, na kuwa yi dariya har da riƙe ciki.

Ya je wurin Rabe ya tono guntun hancin a cikin tarin ƙarafa, ya ce a mayar masa. Rabe ya ce abin da aka yanke ya yanku, in aka liƙa aka harba, mai harbin za ta fara ci. Maiwada ya ɗauki guntun ya tafi gida. Ya fiƙe itace ya cusa a ciki ya haɗa biyun, ya naɗe mahaɗar da jar fata ya ɗinke tsaf, kamar ado. In ka hango ta daga nesa, bindigar jiya ce. Sai dai ta toshe, kuma ya fi kowa sanin ba ta sake harbuwa.

Dabarar kuwa ta ci. Da birai suka hango dogon hanci jingine a ɗorawa suka koma bayan kwazazzabo, sati uku ba a karya masara ko ɗaya ba. Maiwada ya dawo da tafiyarsa ta da, yana ratsa kasuwa da ita a kafaɗa, mu kuma muna gaishe shi muna ƙunshe dariya, don bakin Rabe ba ya riƙe magana. Garin duka an sani. Shi kaɗai ne bai san an sani ba.

Alhaji Mahadi ma ya ji. Da mai tausayi ne da ya yi shiru, tunda masararsa lafiya lau. Amma Alhaji irin mutanen nan ne da zama ba ya yi musu daɗi sai da wanda za a yi wa dariya. Wata Asabar da hantsi ya zo gona a mota da baƙi biyu, dillalan hatsi daga Funtua. Ya sa aka kira ni da leburorinsa, muka taru a gindin ɗorawa. Ya yi ta koɗa Maiwada a gaban baƙi, sannan ya zaro harsashi daga aljihu ya miƙa masa, ya nuna wani ƙaton biri da ke zaune a kan dutse.

"Malam Maiwada, kwana biyu ban ji muryar tsohuwar ba. Sauko mana da wancan, baƙina su gani."

Maiwada ya ce ai ba a harbin wanda bai shigo gona ba. Alhaji ya yi murmushi ya ce to in bindiga ta gaji a faɗa masa, akwai masu neman aikin. Ya ƙifta mana ido. So yake tsohon ya kwance fatar nan da hannunsa, ya nuna itacen, a sha dariya a tashi. Mu ma abin da muke jira ke nan. Wallahi ba wanda ya kawo a ransa zai harba. Amma mu takwas ne a wurin, ba wanda ya ce a bari.

Maiwada ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ina jin a nan ne ya gane duk mun sani. Ya ce mu ja baya. Ya sa harsashi, ya durƙusa a gwiwa ɗaya kamar yadda ya saba, ya daɗe yana aunawa.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce. Da hayaƙi ya washe yana zaune a ƙasa yana duban hannunsa na hagu, yatsu uku babu, fuska duk jini. Alhaji yana ta salati yana cewa shi wasa yake yi, kowa shaida ne. Motar kuwa bai bayar ba, wai kada hukuma ta ga lambarta a bakin asibiti. Ni da wani lebura muka sa shi a tsakiya a kan babur zuwa Malumfashi.

Ya yi sati biyu a kwance. Idon dama ya tafi, wanda yake aunawa da shi. Isah ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin gado ya ce da an bar ta yadda ya gyara ta da duk haka ba ta faru ba. Abin takaici, gaskiya ya faɗa.

Birai ba su jira ya warke ba. Alhaji ya ɗauki mutum biyu masu gajerun bindigogi, birai suka mayar da su 'yan kallo. Saboda haka da aka sallamo Maiwada, aka ga Sadiq direban Alhaji a ƙofar gida, Hansai ta yi hamdala. Ta ɗauka aikin ne ya dawo, ko da zama ne kawai a gindin ɗorawa birai su gan shi. Maiwada ma ya yunƙura ya zauna, ya sa ta ɗora masa hula a kan bandeji. Ina wurin, na je gaishe shi.

Sadiq ya isar da sannun Alhaji, ya ajiye ledar lemo, sannan ya yi ta sosa ƙeya.

"Baba, Alhaji ya ce a ba shi aron rigarka ta farauta da malafarka. Wai za a sa wa mutum-mutumi, a ɗaura masa doguwar gora. Ya ce tunda kamanninka suke tsoro, ba sai an wahalar da kai ba."

Hansai ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko za a auna musu da kaka kamar kullum. Sadiq ya ce shi dai riga aka aiko shi karɓa.

Can Maiwada ya ce wa Hansai ta ɗauko rigar. Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya naɗe ta da kyar a kan cinya, ya miƙa. Ya ce a gaya wa Alhaji a kafa shi yana fuskantar dutse, kuma a riƙa sauya masa wuri duk bayan kwana biyu, in ba haka ba za su gane.

An bi shawararsa, masara ta kai kaka lafiya. Bayan an kwashe ta, na ga Hansai a gonar cikin sahun masu kala.