Taƙamar da na koya wa dokin kafil

Ni dai a matsayin direba aka kawo ni Doha, a shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da duk inda ka waiga gini ake yi. Kafil ɗina, wato mutumin da takardar zamana take hannunsa, ɗan kasuwa ne mai shagunan labule a Asmakh. Labule ya karɓe shi, sai ya ga sa'o'insa duk suna da dawakai, shi ma ya gina barga a wani filinsa can bayan Misaimir. In ka cire farashi, bai san komai game da doki ba.

Wata rana ina tuƙa shi yake cewa direbobinsa sun yi yawa, ɗaya zai koma gida. Ni ne sabon zuwa, ban ko shekara ba, don haka ban tambaye shi wane ne ba. Can kuma sai ya ce ya ji labarin 'yan Nijeriya mutanen doki ne, da gaske? Ya kori mai kula da bargar a makon, don wata goɗiya ta yi ciwon ciki. Na ce ai ranka ya daɗe, mu a bayan doki aka haife mu. Allah ya sani ban taɓa hawan abin da ya fi jaki tsawo ba.

Washegari na zama masanin dawakai. Aka damƙa mini wani duƙushi ja, ɗan shekara guda da 'yan watanni, irin dogayen nan da ake kawowa daga Turai. Dogon wuya, dogayen ƙafafu, haƙarƙari a waje. Da na gan shi sai tausayi ya kama ni. Na ce haba, duk kuɗin da aka zuba, a bar dabba da yunwa?

To, doki ne ban sani ba, amma kiwo na sani. A unguwarmu babu wanda ya kai mahaifiyata iya turke ragon layya, kuma ni ne mai dama mata dusa tun ina ƙarami. Baturen da ya sayar da duƙushin ya haɗo da takarda, an rubuta awon abincinsa kamar na mai ciwon sukari. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin ƙafar tebur. Na shiga ɗura masa sha'ir da dusa safe da yamma, da dabino, da kanwar da nake samowa wurin wani ɗan garinmu a Asmakh. Cikin wata huɗu ya yi tsawo, ya murje, gashinsa yana ƙyalli. Kafil ya zo ya shafa shi ya ce mashaAllah har sau uku.

Mai gadin wurin, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai bakin tsiya, shi ya fara lura. Ya ce, "Malam, dokinka ya fara shan abin nan ne? Dubi ƙafafunsa na baya."

Na ce ya kula da ƙofarsa. Amma na duba. In yana tafiya, gindinsa sai ya riƙa tangaɗi, kamar gaba da baya ba su yi shawara ba. Wani lokaci ya ja kofato a ƙasa, wani lokaci ya ɗaga ƙafa sama fiye da kima ya rasa inda zai ajiye ta. In na juya shi, sai ya taka ƙafarsa da ƙafarsa. Na tuna wanda na gada an sa shi a jirgi a kan ciwon cikin kwana biyu, ni kuwa ga mata da 'ya'ya uku a gida, an riga an gaya wa dangi na samu wuri.

Na yi abin da na iya. Na yi masa hayaƙin habbatus sauda, na tofa masa addu'a, na ɗaura masa laya a wuya. Bakin kofatonsa da ya cinye saboda ja a ƙasa, na goge na shafe da mai. Na kuma ƙara masa abinci, don a sanina ba a jinya da yunwa. Likita ne kawai ban kira ba, alhali lambarsa tana manne a bangon bargar.

Ranar da kafil ya gani da idonsa, ya tsaya ya ce, "Mene ne wannan?" Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya yi aikinsa. Na ce wannan ita ce taƙama, tafiyar dawakan manya a ƙasarmu, wata uku ina koya masa a ɓoye don in ba shi mamaki. Ya ce in sake zagawa da shi. Na zaga. Duƙushin ya ɗaga ƙafa, ya yi lilo, ya dafe da ƙyar. Mutumin nan ya tafa hannu kamar yaro. Mai gadi ya juya baya yana tari.

Daga nan na shiga uku, irin shiga ukun da ake yi wa murna. Aka ba ni ɗaki mai na'urar sanyi. Kafil ya riƙa kawo abokansa duk Juma'a bayan la'asar, a shimfiɗa darduma, a zuba gahawa, a ce yalla, a fito da mai taƙama. Don abin ya ƙara kyau har nakan ja linzami in tanƙwara masa wuya, na lura in na yi haka ya fi ɗaga ƙafa. Wani baƙo ya nemi in je in koya wa nasa. Na ce sirrin gidanmu ne, ba a fitar da shi.

Juma'a ta bakwai ko ta takwas, a gaban mutum kusan ashirin, na juya shi sai ƙafafun baya suka harɗe. Ya zube a kan yashi. Ya yunƙura, ya koma. Ya ɗago kai yana dubana, don ni ne mai kawo abinci, a wurina yake tsammanin komai.

Likitan da aka kira ɗan Sudan ne. Da muka samu dokin ya miƙe, ya sa na ja shi, shi kuma ya kama wutsiya ya fizga gefe. Saura kaɗan ya sake faɗuwa. Ya sa na mayar da shi da baya, ya kasa. Ya ɗauki hoton wuyansa da wata na'ura. Sannan ya matso kusa da ni ya yi magana da Hausa tsantsa, ashe kakanninsa mutanen Sakkwato ne da suka tsaya a hanyar Makka.

Ya ce, "Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, yaushe ya fara?"

Na ce wata biyar.

Ya nuna mini hoton. Ya ce ƙasusuwan wuyan ne suka matse lakar da ke bi ta cikinsu, shi ya sa saƙo ba ya isa ƙafafu daidai, dokin bai san inda ƙafarsa take ba. Ya ce ciwon yakan kama dogayen 'yan dawakai masu saurin girma, musamman in ana cika musu ciki, kuma tanƙwara wuya yana ƙara matsewar. Da tun farko aka kira shi, da ya rage abinci ya tsare shi a ɗaki, wasu a wannan shekarun sukan warware. Yanzu kam an makara, in aka bar shi wata rana zai faɗo a kan mutum, ko ya faɗi ya kasa tashi.

Ya juya wurin kafil ya yi bayani da Larabci. Na kasa kunne ina jiran kalmar da za ta sa ni a jirgi. Ya faɗi wuya, ya faɗi laka, ya ce khalas, wato shi ke nan. Bai faɗi wata biyar ba, bai faɗi dusa ba.

Da safe aka yi wa dokin allurar da za ta kashe shi ya huta. Ni na riƙe ragamar. Yana ta cusa hanci a aljihuna yana neman dabino har ƙafafunsa suka saki. Na yi kuka, kuma ba na munafunci ba ne, ina son dabbar nan.

Kafil ya same ni a bakin barga idonsa jawur. Ya riƙe hannuna biyu ya ce laifinsa ne. Shi ya tara wa dokin idon mutane, wani a cikinsu bai ce mashaAllah ba, ga shi ya lalatar mini da wahalar wata da watanni. Ya ce a makon nan zai sabunta mini takardar zama, kuma don Allah in yafe masa.

Mai gadi yana tsaye yana kallona. Na buɗe baki, na tuna 'ya'yana, na ce babu komai ranka ya daɗe, na yafe.