'Yan Tsakin Inna a Gesse

Shekarar da ciwon gwiwa ya kayar da Inna, likita ya ce ta daina tsugunno da doguwar tafiya, kuma a riƙa kawo ta yana dubawa. Ni ne ɗanta na fari, ni ne kuma mai aiki a Birnin Kebbi, don haka ba a yi wata doguwar shawara ba. Na je Argungu da farkon damina na ɗauko ta. Ba ta yi gardama ba, sai da muka gama loda kaya ta fito daga bayan ɗaki tana ɗingishi, riƙe da kwando an rufe shi da tsohon zane. Baƙar kaza ce a ciki, tana kwance a kan ƙwai.

Na ce, "Inna, gidan haya ne fa."

Ta ce, "Haya na hana kaza kwanci?" Ta shiga mota, ta ɗora kwandon a cinya, ba ta sauke ba har muka iso.

A unguwar Gesse muke zaune lokacin, gida biyu cikin katanga ɗaya. Mai gidan, wani Alhaji da ya yi ritaya, shi ke gaba da matarsa, mu muna baya. Tsakar gidan duk siminti ne, babu ko inda kaza za ta yi tono. Matata ta samo wani tsohon kwali ta ajiye kazar a lungun da ke tsakanin kicin da katanga.

Inna ba ta iya zama ba. Kujerar falo ta ce tana haɗiye mutum, fanka ta ce tana sa mata ciwon kai. Ta share tsakar gidan da matata ta riga ta share, ta je bakin ƙofa ta leƙa titi, ta dawo. In hadari ya haɗu sai ta tsaya tana kallon gabas, ta ce in kira ƙanena da ke Argungu in tambaye shi ko ruwa ya shiga fadama. In na kira ya ce shinkafa lafiya lau, sai ta ce ɓoye mata yake yi. Ni kuma ganinta haka ya hana ni sukuni. Ina ofis hankalina yana gida, ina gida ina neman abin da zai fitar da ni.

Ranar da kazar ta ƙyanƙyashe, ranar na fara ganin haƙoran Inna a gidan nan. 'Yan tsaki tara ne, wasu baƙaƙe, wasu ruwan ƙasa, ɗaya fari sol. Da yamma Alhaji ya kira ni ƙofarsa. Mutum ne mai kawaici, sai da ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya zo kan magana. Hajiyarsa tana fama da hawan jini, barci ba ya ɗaukarta sai bayan sallar asuba, wannan ɗan barcin safen shi ne kawai nata. Kaji bai hana ba, amma don Allah kada a bar zakara. Da sun fara girma a ware mazan a fitar da su tun kafin su fara cara.

Na ce ai wannan ba komai ba ne. Sai da na dawo na tsuguna gaban kwalin na ga duk kamarsu ɗaya, 'yan dunƙule-dunƙule masu tsiwa, babu wanda ya rubuta a goshinsa ko shi wane ne.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Bari su yi gashi."

"Yaushe ke nan?"

"In sunka yi ka gani."

Ban iya jira ba. Wani abokin aikina ya ce a kama tsako ta ƙafafu a juya kansa ƙasa, in ya ɗago kai yana fizge-fizge namiji ne, in ya saki jiki mace ce. Na gwada da safe kafin in fita. Shida suka ɗago kai. Da na dawo da yamma na sake, sai uku, kuma ba cikin na safen ba. Matata ta ce a garinsu ƙwai ake dubawa, mai tsini zakara, mai zagaye kaza. Na ce to ai ƙwan ya riga ya fashe. Na ga wani a waya yana buɗe fiffiken tsako yana nuna tsawon gashin, na ga wani yana lilo da allura a zare bisa kan tsako. Duk na yi. Ina cikin lilon allurar ne uwar ta taso ta sare ni a bayan hannu har jini ya fito. Inna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "Ka bar ɗiyan mutane su sha iska."

Da suka yi kamar wata guda sai na fara ganin bambanci da idona. Wasu jela ta fito musu da wuri, fukafukansu suka cika, wasu kuma suna nan da ɗuwawu a sake, sai dogayen ƙafafu. Kullum da safe da buroshi a bakina nake zuwa in duba zankonsu, wane ya fara ja, wane yana nan fari-fari. In na jefa hula sama, wasu su lafe a ƙasa, wasu su miƙe wuya suna hararar sama. Sai in ce yauwa, na gane. Washegari wanda ya lafe jiya shi ne zai miƙe wuya. Duk sanda na haɗu da Alhaji a bakin ƙofa sai in ji kamar tambayata zai yi, alhali gaisuwa kawai yake yi ya wuce masallaci.

Wata Juma'a da yamma Inna ta nuna wani ruwan ƙasa da sandarta.

"Wanga zakara na," ta ce, da irin maganarmu ta gida. "Gobe a kai shi Argungu."

Na ji daɗi har raina. Na ce zan ba direban tasha ya kai wa ƙanena.

"Direba? Ya sa shi cikin but ɗin mota ya mutu da zahi? Ni za ni kai shi."

Na tuna mata da gwiwa. Ta ce a mota za ta zauna, ba a ƙasa za ta taka ba. Haka muka kama hanya ranar Asabar, tsako ɗaya a kwando, ita a gaba tana ba ni labarin kowace gona da muka wuce. Muna shiga Argungu ta sauke gilashi. Kafin in gama fakin ta riga ta shige gida, na tarar da ita a tsakiyar jikoki tana faɗa a kan an bar tukunyar ruwa a buɗe. Maƙwabta suka yi ta shigowa. Matar ƙanena ta dafa tuwon shinkafa da miyar kifi, Inna ta ci fiye da abin da take ci a kwana biyu a gidana. Sai da na yi ta roƙo kafin ta yarda muka taso gab da magariba.

Mako biyu bayan haka ta sake nuna wani. Muka sake tafiya. Bayan wannan kuma wani, sannan wani. Ba ta taɓa gano biyu a lokaci ɗaya ba. Na ce, "Inna, ki duba su duka mana, mu kwashe mazan gaba ɗaya." Ta ce ba a yi wa abin nan gaggawa, kowane da ranar da yake nuna kansa. Asabar ɗina ta zama ta hanya. Na daina zuwa ɗaurin aure, na daina wankin mota, matata ta fara cewa ita da yara sun manta kamannina da rana.

Abin da ya fi damuna shi ne farin nan. Ya fi sauran tsawo, ƙafafunsa kamar na ɗan dambe, zankonsa ya yi ja wur, naman ƙarƙashin bakinsa ya fara lilo. Gashin wuyansa sirara ne masu tsini, yana sheƙi. In aka watsa tsaki sai ya ture kowa, in ya gama kuma ya tsaya yana kiran sauran. Ko ni da ban san komai ba na ga alama.

"Inna, wannan farin fa?"

"Kaza ta."

"Dubi ƙafarsa."

"Uwatta ma manyan ƙahwahu gare ta. Kaza ta, na ce maka."

Raina dai bai kwanta ba. Sau biyu ina kama shi da niyyar in saka a mota in ba wani a ofis, sai in hango ta tana kallona ta taga, in sake shi. Na koma tashi tun kafin kiran salla ina kasa kunne.

Ranar da abin ya faru, na dawo daga masallaci ke nan ina cire takalmi. Sai na ji wata ƙara daga lungun kicin, kamar an taka tsohuwar ƙofar kwano. Ta tsaya. Ta sake fitowa, wannan karon da ɗan tsawo, ta karye a tsakiya. Na ruga. Farin nan ne a kan bakin turmi, ya miƙe wuya, ya bubbuga fukafukai, yana shirin ta uku. Na yi wuf na cafke shi na toshe masa baki, na tsaya da shi a hammata kamar ɓarawo. Fitilar ɗakin Hajiya ta kama.

Da na juyo sai ga Inna zaune a bakin ƙofarta da carbi a hannu. Fuskarta a sake, har da ɗan murmushi.

Ta ce, "Ka bari ya ƙare mana."

Na saka shi a kwando na rufe da bargo. Da gari ya waye na je na ba Alhaji haƙuri. Ya ce ba komai, Hajiya ta farka amma ta ce muryar ma dariya ta ba ta. Duk da haka kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Ranar Talata ce, na kira ofis na ce ina da uzuri, na ce wa Inna ta shirya.

Muka kama hanya. An fara yankan shinkafa, mutane cike da fadama, amma ko gona ɗaya ba ta nuna mini ba.

Da muka isa na saki farin a tsakar gida. Matar ƙanena tana shanya, ta dube shi ta ce, "Yauwa, Yaya, yau dai kun kawo muna namiji. Waɗancan sun gaji da zama babu miji."

Na ce, "Waɗanne?"

Ta nuna gindin rumbu. Ga su nan su huɗu suna tono, waɗanda muka yi ta jigila da su. Sun yi ɓul-ɓul, ƙananan kai, gajerun ƙafafu, zanko ɗan ƙil, jela a tsaye kamar mafici. Uku sagaru ne, mata zalla, ko makaho ya shafa ya sani. Na huɗun ne kawai ƙanena ya ce yana zaton namiji ne, shi ma bai tabbatar ba. Matar ƙanena ta ce ita tun zuwan na biyu ta gane, amma Inna ta harare ta, ta ja bakinta.

Na sami Inna a ɗakinta tana kakkaɓe shimfiɗa. Na zauna a bakin ƙofa.

"Inna, kin san mata ne."

"Na sani. Wanda munka fara kawowa dai ban tabbata ba, da ƙanana ne kowa na kuskure. Sauran na sani."

"Me ya sa ba ki ce mini gida kike so ba?"

Ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa. "In na ce, mi za ka ce? Likita. Kuma ka yi ɗawainiya, matarka ba ta rage ni da komi ba. In ce ban son gidanku?"

"To farin fa? Kin san sharaɗin Alhaji."

Ta ce, "Tun da anka haihe ni ban taɓa kwana gidan da gari ka wayewa shiru ba. Can sai ka ji janareto, sai ka ji mota. Na ce ko sau ɗaya in ji, kahin a ɗauke shi."

A waje farin ya sami kan rumbu, yana ta gwada muryarsa da rana tsaka, yara suna yi masa dariya.

Da la'asar muka zauna da ƙanena a zaure. Muka yanke cewa Inna ta zauna gida, a sa mata kujera a banɗaki, a hana ta ɗaukar ruwa, ranar ganin likita shi ya sako ta a mota ni in tare ta a tasha. Na san ba za ta bi rabin dokokin ba, shi ma ya sani. Da zan tafi Inna ta cika mini buhu da sabuwar shinkafa da busasshen kifi, ta ce uwar kazar da sauran huɗun na matata ne, duk mata ne, in kwantar da hankalina.

Na dawo Gesse ni kaɗai. Alhaji yana zaune a ƙofar gida, ya leƙa cikin motar ya ce, "Ina Inna?" Na gaya masa. Ya jinjina kai, ya ce Hajiya ba za ta ji daɗi ba, ashe kullum da hantsi in mun fita aiki tare suke zama su yi ta hira. Ni ban taɓa sani ba.

Na shiga ciki. Matata ta karɓi kifin, ta tambayi yadda muka yi, na ba ta labari a tsaye. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ce in zo in ci abinci. Na ce ina zuwa. Na zagaya lungun kicin, na tsuguna, na kama huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ina duba wuyansu.